Gani Ya Kori Ji? Sharhi a Kan Tara Hotunan Sojojin Ƙarni na 19

Gabatarwa

A zauren kawuna da ke Karare akwai wani hoto da ya shekara biyu rataye a bango, daidai saman inda yake shimfiɗa buzunsa. Hoton wani saurayi ne dogo, tsaye ƙyam, da dara a kansa, da ɗamara a ƙugu, da bindiga a hannun dama, ƙafafunsa ba takalmi. Kawu ya tsince shi ne a Facebook, inda wani ya saka shi tare da rubutun cewa mayaƙin ƙasar Katsina ne na zamanin yaƙe-yaƙen Maraɗi. Ya kai aka wanke masa a Batsari, aka sa a firam. Da farko, duk baƙon da ya shigo akan nuna masa a ce, "Ga irin kakanmu, barden da ya tsare wannan yanki." Ba a jima ba kalmar "irin" ta faɗi a hanya, saurayin ya zama kakanmu kai tsaye.

Da na dawo gida bayan kammala digiri, na tsaya gaban hoton na daɗe. A bayan saurayin akwai labule mai zanen ginshiƙi, irin na shagon ɗaukar hoto. Rigarsa ɗinkin bariki ce. Babu sulke, babu lifidi, babu kwalkwali, babu ko laya ɗaya a damtse. Na ce, "Kawu, wannan sojan Turawa ne." Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, gani ya kori ji."

Wannan karin magana da Kawu ya rufe mini baki da shi, shi ne abin da nake son in auna a wannan sharhi. Tara tsofaffin hotunan sojoji al'ada ce da ta yi ƙarfi a ƙasashen Turawa, yanzu kuma ta shigo mana ta wayar hannu. Hujjata ita ce: hoton ƙarni na 19 ya bar mana fuskoki ba sunaye, baka kuma ya bar mana sunaye ba fuskoki, kuma mai tara hoto bai yi aikin komai ba sai ya koma neman sunan da labarin. In ya tsaya a kan fuska kawai, ganin nan yakan kori jin da gaske, kuma hasara ce.

Inda al'adar ta yi tushe

An bayyana fasahar ɗaukar hoto ga duniya a 1839. Kafin ta cika shekara ashirin ta isa fagen fama, domin Roger Fenton ya ɗauki hotunan sojojin Ingila a yaƙin Kirimiya a 1855. Amma yaƙin basasar Amurka, na 1861 zuwa 1865, shi ne ya mayar da hoton soja abin kowa da kowa. A lokacin an sami hanyoyi masu araha: hoto a kan gilashi, hoto a kan siririn farantin ƙarfe, da hoto a kan ɗan kati da ake iya wankewa da yawa. Masu ɗauka sun riƙa kafa tantuna a gefen sansani. Saurayi ɗan ƙauye da bai taɓa barin garinsu ba sai ya sa kakinsa, ya tsaya gaban kyamara, ya aika wa uwarsa ko matarsa. Mutum fiye da 600,000 ne suka mutu a wannan yaƙi, saboda haka ga gidaje da yawa wannan ɗan faranti shi ne abin da ya saura.

Yau waɗannan hotuna kayan gwanjo ne. Masu tara su sun ƙware wajen karanta maɓalli da hula da ƙirar bindiga. Sun san cewa hoton farantin ƙarfe yana juya dama ta koma hagu kamar madubi, har haruffan da ke kan bel ɗin soja su fito a juye. Ba zan raina wannan aiki ba. A 2010 iyalin Liljenquist suka miƙa wa Laburaren Majalisar Dokokin Amurka hotuna kusan 700 da suka saya ɗaya bayan ɗaya, kuma yanzu kowa yana iya kallonsu a intanet kyauta. Da ba don irinsu ba, da tsatsa da bola sun cinye da yawa. Sai dai mafi yawan fuskokin da ke cikin wannan taska ba a san masu su ba. Hoto ya fita daga akwatin iyali, ya bi hannun dillalai, a kowane hannu wani abu na labarinsa yana zubewa, har ya isa wurin mai saye tsirara.

Akwai wani labari daga wannan yaƙi da ya dace da muhawarata da Kawu. Bayan gumurzun Gettysburg a Yulin 1863, an tsinci gawar wani soja riƙe da hoton yara uku, ba wata shaida a jikinsa. Jaridun lokacin ba su iya buga hoto, don haka suka siffanta yaran da kalmomi: shekarunsu, tufafinsu, yadda suka zauna. Wata mata a jihar New York ta ji siffar, ta gane 'ya'yanta, aka san mamacin shi ne Sajan Amos Humiston. Dubban mutane za su iya kallon wannan hoto ba su san kowa ba. Wadda ta riga ta san labarin ita ce ta ba shi suna. A nan ji ne ya ceci gani.

Fuska ba suna

To, su wane ne samarin da ke sanye da dara a tsofaffin hotunan da ake yi wa laƙabi da "sojan Hausa"? A 1863 John Hawley Glover ya kafa wata 'yar runduna a Legas, mafi yawanta bayi ne 'yan Arewa da suka tsere wa iyayen gijinsu a ƙasar Yarbawa. Rundunar sojan Nijeriya ta yau daga nan take ƙirga asalinta. An kai waɗannan sojoji yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, wanda aka ƙone Kumasi a cikinsa. Gwamnatin Gwalkwas ta kafa tata rundunar, Kamfanin Neja ya kafa tasa a 1886, ya ci Bida da Ilori da ita a 1897. A wannan shekara ce aka kai wasunsu Landan bikin cikar Sarauniya Biktoriya shekara 60 a kan gado, aka yi ta ɗaukarsu hoto. A ƙarshen ƙarnin Lugga ya haɗa rundunar da ta ci Kano a Fabrairun 1903, ta ci Sakkwato a Maris, ta isa Katsina ba tare da an gwabza ba. Hotunansu suna nan a gidajen tarihi na Ingila, da ma'ajiyar Mishan ɗin Basel, da hannun 'yan gwanjo.

Abu uku ne mai karatu ya kamata ya lura da su a irin waɗannan hotuna.

Na farko, rubutun da ke ƙasa. Idan Baturen hafsa ne a zaune, za a ga sunansa da muƙaminsa. Idan baƙin soja ne, sai a ga "Hausa" kawai, kamar yadda ake rubuta sunan tsuntsu ko itace. Kalmar ma ba ta cika gaskiya ba, domin Turawa sun kira duk wanda ya fito daga Arewa yana jin Hausa da wannan suna, ko Babarbare ne, ko Banufe, ko Bazabarme, ko Bagurunshe. A rajistar bariki kuma sau da yawa akan rubuta sunan yanka ne a liƙa masa sunan gari ko ƙabila, a yar da sunan uba. Sojan da ake cewa shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a Togo a 1914, tarihi ya san shi ne da Alhaji Grunshi, wato sunan ƙabila ya maye gurbin na mahaifi.

Na biyu, wanda ya biya kuɗin hoton. Sojan Amurka shi ya kai kansa, shi ya biya, shi ya zaɓi wadda zai aika wa. Sojan Legas ko na Ankara galibi tsayar da shi aka yi, hoton kuma ya tafi kundin hafsa ko ya zama katin gaisuwa. Ko da mai kyamarar ɗan Afirka ne, kasuwar ta Turawa ce. Dubi sanannen hoton da Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny, ya ɗauka a 1897 na Oba Ovonramwen na Benin a cikin jirgin ruwan da zai kai shi zaman gudun hijira a Kalaba. Sarkin yana zaune, baƙaƙen sojoji na tsaye suna gadinsa. An yi rubutu mai yawa a kan fuskar sarkin, kuma ya cancanta. Masu gadin kuwa sun zama kamar ginshiƙan jirgin, ido yana wuce su.

Na uku, fuskar kanta. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma ban da fuskar tsohon hoto. Kyamarar wancan zamani tana buƙatar mutum ya daskare na wasu daƙiƙoƙi, a shaguna har akan tokare masa ƙeya da ƙarfe don kada ya motsa. Murtukewar da Kawu yake karantawa a matsayin jarunta tana iya zama umarnin mai hoto, ko na saje, ko zafin rana. Mai sharhin da ya ce ya ga baƙin ciki ko alfahari a idon sojan, yawanci abin da ke zuciyarsa ne ya zuba a ciki.

Suna ba fuska

Mu dawo gida. Yankinmu na Batsari da Safana bai rasa mayaƙa a ƙarni na 19 ba, domin shi ne bakin daga. Bayan masu jihadi sun ci Katsina a 1807 aka naɗa Ummarun Dallaje, zuriyar tsofaffin sarakuna suka koma arewa suka kafu a Maraɗi, daga nan kuma aka shiga kai hari da ramuwa har ƙarshen ƙarnin. Yusufu Bala Usman ya bi diddigin wannan zamani a littafinsa kan tarihin Katsina da aka buga a 1981. A wajen 1843 zuwa 1844 garuruwan ƙasar Ruma suka goyi bayan Ɗan Mari na Maraɗi, Sarkin Katsina Siddiku ya murƙushe su, garuruwa suka watse, daji ya rufe kufai. Lokacin da Heinrich Barth ya bi ta Zakka a 1853 kan hanyarsa daga Katsina zuwa Sakkwato, ayarinsa cikin fargabar mahara ya ratsa dajin. Alƙalami da takardar zane ya riƙe. Kyamara ba ta zama abin gani a wannan ƙasa ba sai da ta biyo bayan bindigar Nasara, kuma masana tarihi sun ruwaito cewa bayan Burmi, a Yulin 1903, hoton gawar Sarkin Musulmi Attahiru aka ɗauka don a tabbatar wa jama'a cewa ya mutu. Da irin wannan sallama hoto ya shigo mana.

Abin da muka gada daga wancan zamani shi ne suna. Yaro a Ruma ya san Ɗanwaire, ya san Ƙaura Hasau na Maraɗi, ko da bai taɓa buɗe littafi ba. Ƙananan gidaje ma suna da nasu. A gidanmu Gwaggo, yayar mahaifin Kawu, ita ce ma'ajiyar. Ta san sunan kakan nan namu, da launin dokinsa, da rijiyar da aka ce ya sha ruwa ranar da bai dawo ba, da sunayen matansa da garuruwan da aka auro su. Kirarinsa bai ce komai a kan tsayinsa ko hancinsa ba. Kirari ba ya siffanta fuska, aiki yake siffantawa, yana kamanta mutum da dabba ko ruwa ko ƙarfe. Hoto yana nuna yadda mutum yake na daƙiƙa biyar. Kirari yana nuna yadda jama'arsa suka yanke shawarar tuna shi.

Ga ɓarnar da na gani da idona. Kafin hoton ya hau bango, yaran gidan sukan taru wurin Gwaggo bayan sallar isha, ita kuma takan ja labarin yadda ta so, yau ta tsaya a rijiya, gobe ta kai ga ganuwa. Bayan an rataye shi, idan aka tambayi yaro wane ne kakansa, sai ya nuna bango da yatsa. Tambaya ta ƙare. Mutumin da ya yi yaƙi da mashi a kan doki ya koma mai bindiga a ƙasa, cikin kakin rundunar da ta kawo ƙarshen duniyarsa. Kama da wane ba ta wane, balle ma babu kamar. Wanda ya saka hoton a Facebook da rubutun ƙarya ya yi sata biyu a lokaci guda: ya ƙwace wa sojan nasa labari, ya ƙwace wa bardenmu nasa.

Inda biyun suka haɗu

Da a nan na tsaya, da sharhin ya zama yabon baka da zagin hoto, kuma da na yi rashin adalci. Baka ma yana da abin da yake binnewa. Kirari na mahayi ne. Yana ƙirga garuruwan da aka ci, ba ya ƙirga waɗanda aka ɗaure aka kora gaba. Kowane hari tsakanin Katsina da Maraɗi, ko wane ɓangare ya kai shi, yana ƙarewa da kamammu, kuma kamammun nan kasuwa ake kai su, wasu su bi Sahara, wasu su gangara kudu. To, daga ina bayin da suka tsere suka shiga rundunar Glover suka fito? Daga irin waɗannan hare-hare, a faɗin ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Ke nan saurayin da ke bangon Kawu, ko uban da ya haife shi, yana iya zama yaron da aka ɗauke daga gona a wani ƙauye irin namu. Mai yiwuwa maharan Maraɗi ne suka ɗauke shi. Mai yiwuwa kuma wani barde irin kakanmu ne. Wannan tunani bai yi mini daɗi ba, amma shi ne ya sa na daina kallon sojan a matsayin baƙo ko maci amana. Shi ne ɗan'uwan da kirari ya tsallake. Abin da hoto ya yi, duk da mugun nufin da aka ɗauke shi da shi, shi ne ya hana mu cewa irinsa ba su wanzu ba.

Akwai mutum ɗaya da ya nuna abin da ake samu idan fuska da suna da labari suka haɗu. Muhammadu Ali ɗan Sa'id, wanda duniya ta sani da Nicholas Said, ɗan Kukawa ne ta Barno. An kama shi yana yaro, kuma a tarihin rayuwarsa da ya rubuta da kansa, wanda aka buga a 1873, ya ambaci cewa an bi da shi ta Katsina da Damagaram kafin a tsallaka Sahara da shi zuwa Tarabulus. Ya zauna a Istanbul da Rasha, ya zaga Turai, ya isa Amurka, a 1863 ya shiga bataliyar baƙaƙen fata ta 55 ta jihar Massachusetts. Hotonsa cikin kaki yana nan a ajiye a can. Ga mai gwanjo, kati ne guda cikin dubbai. Ga wanda ya karanta labarinsa, fuskar yaro ce da aka taɓa yi wa ciniki a birnin da nake zuwa sayen littafi. Ƙimar hoton ta fito ne daga abin da aka ji game da shi.

Kammalawa

Ba na kiran kowa ya daina tara tsofaffin hotuna. Ina cewa ne tarawa amana ce, kuma tana da sharuɗɗa. Mai tarawa ya rubuta inda ya samo hoto da hannun da ya bi. Ya bambanta abin da ya tabbatar da abin da yake zato. Kada ya liƙa wa fuska sunan da ba nata ba don ta yi tsada ko ta tara masu yabawa. Idan hoto ba shi da suna, ya bar gurbin a buɗe, domin gurbin ma shaida ce a kan yadda aka ɗauki mai fuskar. Ya kuma kai kwafi inda jama'a za su gani, kamar Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, ko gidan tarihin da ke tsohuwar Kwalejin Katsina.

A yankinmu kuwa akwai abin da ya fi wannan gaggawa. Dajin Rugu da ya rufe kufan ƙarni na 19 ya sake zama mafakar mahara. Ƙauyuka suna watsewa, mutane suna kwarara Batsari da Katsina, dubbai daga wannan shiyya ta Arewa maso Yamma sun tsallaka ƙasar Maraɗi. Mai gudun tsira ba ya ɗaukar adaka, tsohuwar da aka raba da ɗakinta kuma ba ta cika daɗewa ba. Hotunan Landan da Basel suna cikin ɗakuna masu sanyi, za su jira mu shekara ɗari. Gwaggo ba za ta jira ba. Mai son tara mayaƙan ƙarni na 19 a ƙasar Ruma, taskarsa tana bakin tsofaffi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Na yi dare bakwai ina ɗaukar muryar Gwaggo da wayata. A dare na huɗu na tambaye ta ko kakan namu ya taɓa kamo mutane. Ta yi shiru, sannan ta ambaci sunan wata mata da aka ce da ita ya dawo daga wani hari, ta rayu a gidan har ta tsufa, ba a taɓa jin ta faɗi sunan garinsu ba. Ban taɓa jin wannan suna ba sai ranar, Kawu ma haka.

Hoton yana nan a bango, Kawu ya ƙi sauke shi, ni ma na daina roƙonsa. Abin da ya yarda da shi kawai shi ne in liƙa 'yar takarda a ƙasan firam ɗin. Na rubuta: "Sojan rundunar Turawa, ƙarshen ƙarni na 19. Ba a san sunansa ba." Yanzu idan yaro ya karanta ya tambayi ina kakanmu yake, sai Kawu ya nuna masa ƙofar ɗakin Gwaggo.